Alhaji Mamman Shata Katsina (1923-1999): Rayuwarsa da Gurbinsa a Tarihin Waƙar Baka ta Hausa

1.0 Gabatarwa

A cikin mawaƙan baka na Hausa da suka yi tashe a tsakiyar ƙarni na 20, da wuya a sami wanda sunansa ya kai inda na Alhaji Mamman Shata Katsina ya kai. Ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa, tun daga zamanin Turawan mulkin mallaka, ya ratso Jamhuriya ta Ɗaya da yaƙin basasa da mulkin soja, har zuwa shekarar 1999 da Allah ya yi masa rasuwa. A tsawon wannan lokaci ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai da ma'aikata da direbobi da mata, ya kuma yi wa kansa.

Manufar wannan takarda ita ce ta bibiyi tarihin rayuwar wannan mawaƙi, sa'annan ta yi ƙoƙarin amsa tambaya guda. Ta yaya mutumin da bai gaji kiɗa ba, wanda kuma ya ɗora waƙarsa a kan kalangu, wato gangar mahauta da 'yan matan dandali, ya zama mawaƙin da fada da kasuwa da jami'a duk suka amince da shi? Amsar tana da alaƙa da baiwarsa, tana kuma da alaƙa da irin sauye-sauyen da ƙasar Hausa ta shiga tsakanin 1930 da 1980. Don haka za a duba mutumin da zamaninsa a tare.

2.0 Matsayin Makaɗi Kafin Bayyanar Shata

A al'adar Hausawa ta dauri, sana'a aba ce ta gado. Ɗan maƙeri maƙeri ne, ɗan wanzami wanzami ne, haka kuma ɗan makaɗi. Wanda ya shiga sana'ar da ba ta gidansu ba, shi ake kira ɗan haye, kuma ba a cika ganinsa da ƙima kamar ɗan gado ba. Bayan wannan, kiɗa da waƙa sun faɗa cikin abin da ake kira roƙo. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna a rubuce-rubucensa na shekarun 1950 cewa a tsarin martabar sana'o'in Hausawa, makaɗa da maroƙa suna can ƙasa tare da mahauta. Ana jin daɗin waƙarsu, ana yi musu kyauta, ana tsoron bakinsu, amma ba kowa ne zai ba su auren 'yarsa ba.

Su kansu makaɗan suna da rukuni-rukuni. Akwai makaɗan fada, waɗanda ke amfani da kayan kiɗa irin su taushi da kotso da jauje. Makaɗin fada yana da ubangida ɗaya, wanda ke ɗaukar nauyin ci da sha da suturarsa, ya ba shi gida da gona da doki, shi kuma ya tsare masa yabo, ya yi wa abokan hamayyarsa zambo. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi a Sakkwato, da Sarkin Taushin Katsina, duk misalai ne na wannan rukuni. Akwai kuma makaɗan sana'a, kamar masu gangar noma, da masu dundufar maƙera, da masu kalangun mahauta. Sai makaɗan maza, wato na 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tauri, da kuma masu garaya da goge na 'yan bori.

Abin lura a nan shi ne, kowane kiɗa yana da mai shi. Ba a kaɗa wa talaka taushi, komai dukiyarsa. Wannan ƙa'ida ce ta bar wani giɓi, wanda ya bayyana sarai a lokacin da kuɗi suka fara shiga hannun mutanen da ba su da sarauta.

3.0 Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Muhammadu, wanda aka fi sani da Mamman Shata, a garin Musawa ta ƙasar Katsina. Mafi yawan masu rubuta tarihinsa sun tsaya a kan shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, kuma gidansu gidan Fulani ne da ba su da gadon kiɗa ko roƙo. Kamar sauran yaran zamaninsa, an sa shi makarantar allo, bai kuwa yi karatun boko ba.

Da ya fara tasawa sai ya shiga tallar goro, daga baya kuma ya koma sayar da alewa. Daga nan ne laƙabinsa ya samo asali. Kamar yadda aka ruwaito, idan ya sayar da goro yakan rabar da kuɗin ga mutanen da ya haɗu da su, ya koma gida hannu rabbana, idan aka tambaye shi sai ya ce ya yi shata da su. Wani ɗan'uwansa ya riƙa kiransa da wannan kalma, har ta bi shi. Wannan hali na sakin hannu bai rabu da shi ba har tsufansa, domin an san shi da samun dukiya mai yawa da kuma saurin rabar da ita.

Waƙa kuwa a dandali ya fara ta, inda samari da 'yan mata ke taruwa bayan cin abincin dare, musamman a wasan asauwara. Da farko don nishaɗi kawai yake yi, ba ya karɓar ko anini. Sannu a hankali ya fi sa'o'insa, har aka fara gayyatarsa ƙauyukan da ke kewaye. Mahaifinsa bai so wannan al'amari ba ko kaɗan, saboda a ganinsa ɗansa yana neman ya mayar da kansa maroƙi, abin da ke zubar da mutuncin gida. Duk da haka Shata bai bari ba. Tun daga wannan lokaci ya ɗauki matsayin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, wato shi mawaƙi ne da Allah ya ba baiwa, bai koya a wurin kowa ba, kuma ba bawan kowa ba ne.

3.1 Daga Musawa zuwa Bakori da Kano da Funtuwa

Matakin farko na ficewarsa daga ƙauye shi ne komawarsa Bakori, bisa gayyatar Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can, a harkar sayen auduga da gyaɗa. A Bakori ya yi aurensa na fari, daga can kuma ya riƙa fita da makaɗansa zuwa garuruwa daban-daban, har ya shiga Kano a ƙarshen shekarun 1940.

Shekarar 1952 tana da muhimmanci a tarihinsa. A cikinta ne aka yi babban bikin nan da ake kira Bikin 'Yan Sarki a Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta da dama a lokaci ɗaya. Wasan da Shata ya yi a wannan biki ya fito da shi a idon manyan birni, masu sarauta da attajirai. Daga nan ya tashi daga mawaƙin karkara ya zama mawaƙin da ake nema a ko'ina cikin Jihar Arewa.

A 1960 ya koma Funtuwa, ya kuma zauna a can kusan shekara 40. Zaɓen Funtuwa ba a banza yake ba. Gari ne da ke kan layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ga injin gurzar auduga, ga kuma mahaɗar hanyoyin mota zuwa Sakkwato da Katsina da Zariya. Baƙi sun yi yawa a cikinsa, kuma ba shi da babbar fada irin ta Katsina ko Kano da za ta mallake mawaƙi. A irin wannan gari mutum yana iya zama da gindinsa.

A nan ya kamata a koma ga giɓin da aka ambata a baya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da auduga ya haifar da sababbin masu kuɗi: dillalan kamfanoni, da 'yan baranda, da masu manyan motoci, da direbobi, da 'yan kwangila, da ma'aikatan En'e masu albashi. Waɗannan mutane suna da abin kyauta, suna kuma son a san da su, amma kotso da taushi ba nasu ba ne. Shata ne ya ba su abin da suke nema. Ya ɗauki hikimar yabo irin ta fada, ya sauke ta a kan gangar da kowa ke da iko da ita. Da sunansa ya kai inda ya kai, sai su ma sarakunan suka buɗe masa ƙofa, amma a matsayin baƙo mai zuwa ya tafi. Ko Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, kuma shi ne babban ubangidansa a cikin sarakuna, bai mayar da shi makaɗin fada ba.

4.0 Kalangu da Tsarin Waƙarsa

Kalangu ganga ce mai siririn ciki da baki biyu, wadda aka ɗaure fatunta da tsarkiya. Makaɗi yana rataya ta a kafaɗa ya matse ta a hammata. Idan ya matsa tsarkiyar sai sauti ya hau, idan ya sassauta sai ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, wato ma'anar kalma tana iya sauyawa gwargwadon hawa da saukar murya, kalangu yana iya kwaikwayon magana, har wanda ya saba ya gane abin da ake faɗi. Shata shi kansa jagora ne mai rera waƙa, makaɗansa ne ke riƙe da kalangai, su ne kuma ke yi masa amshi. A cikin ƙungiyar akwai maroƙi ko sanƙira, mai cusa kirari da sanar da kyautar da aka yi.

Idan aka yi amfani da kalmomin nazari irin waɗanda Sa'idu Muhammad Gusau ya yaɗa, za a ce waƙar Shata tana da gindi gajere, sau da yawa layi ɗaya tak, wanda 'yan amshi ke maimaitawa ba tare da sauyi ba. A tsakanin amshi da amshi shi kuma yana kawo ɗiya, wasu gajeru wasu dogaye. Wannan ya bambanta da tsarin makaɗan fada irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, inda 'yan amshi ke karɓe ɗa daga bakin jagora su ƙarasa shi, abin da ke buƙatar a zauna a tsara waƙa a haddace ta kafin a fita. A wajen Shata nauyin magana duka yana kansa. Amshin yana ba shi damar numfasawa da tunanin abin da zai faɗa gaba, shi ya sa yake iya tsawaita waƙa ko ya gajarta ta gwargwadon wurin da ya sami kansa.

Shata ya sha faɗin cewa ba ya zama ya shirya waƙa, a fagen wasa take zo masa. Wannan magana tana buƙatar fashin baƙi. Milman Parry da Albert Lord, waɗanda suka nazarci mawaƙan baka na ƙasar Yugoslabiya, sun nuna cewa mawaƙin da ke ƙirƙira nan take yana da rumbun shiryayyun kalmomi da jimloli da yake ɗebowa ya jera su daidai da kiɗa. Haka abin yake ga Shata. Yana da hanyoyin buɗe waƙa, da na kiran makaɗansa su gyara kiɗa, da na jero garuruwan da ya bi, da na ambaton kyauta da wanda ya ba da ita. Gwanintarsa tana cikin yadda yake sarrafa waɗannan tubala su dace da mutumin da ke gabansa. Saboda haka waƙa ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Ɗalibin da ya kwatanta ɗauka biyu na Bakandamiya, waƙar da ya yi ta kirarin kansa, zai tarar gindin yana nan, amma ɗiyan sun sha bamban. Shi wannan suna na Bakandamiya ma ba Shata kaɗai ke da shi ba, domin Narambaɗa yana da tasa.

Ta fuskar harshe, Hausar Shata mai sauƙi ce idan aka gwada ta da ta makaɗan fadar ƙasar Sakkwato, wadda ke cike da tsofaffin kalmomi da zurfafan kirari. Mai saurare zai ji alamun Katsinanci a bakinsa, zai kuma ji kalmomin aro na sabon zamani, irin su mota da direba da soja da asibiti, suna zaune daram a cikin waƙa. Wannan sauƙi yana daga cikin dalilan da suka sa wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne yake iya bin waƙar.

5.0 Turakun Waƙoƙinsa

Babban turken waƙoƙin Shata shi ne yabo. Sai dai mutanen da ya yaba sun fito daga kowane ɓangare na al'umma. A cikin waƙoƙinsa da suka shahara akwai ta Sarkin Daura, da ta Umaru Ɗanɗanduna na Gwandu, da ta Hassan Sarkin Dogarai, da ta Sarkin Bori Sule. Jerin sunayen kawai ya isa ya nuna faɗin fagensa, daga gadon sarauta har zuwa gidan bori. Ga mai nazarin tarihi, waɗannan waƙoƙi tamkar rajista ce ta mutanen da suka yi tashe a garuruwan Arewa, waɗanda da yawansu ba za a sami sunansu a takardun gwamnati ba.

Turke na biyu shi ne zambo da habaici. Waƙar Gagarabadau ita ce aka fi kafa misali da ita a nan. Tsoron bakin Shata ya sa wasu sun yi masa kyauta ba don suna so ba, kuma wannan tsohuwar al'ada ce a roƙo, domin yabo da zambo tare suke tafiya. Ya kuma yi sa-in-sa da wasu mawaƙan zamaninsa, musamman masu kukuma irin su Ali Makaho da Ahmadu Doka, inda kowa ya riƙa mayar wa ɗan'uwansa martani a waƙa.

Turke na uku shi ne faɗakarwa da wayar da kai. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, yana cikin mawaƙan da suka ƙarfafa wa sojoji guiwa. Ya yi kira ga noma da neman ilimi da riƙon aure. Hukumomi sun gane cewa a ƙasar da mafi yawan jama'a ba sa karanta jarida, saƙon da ya bi ta bakin mawaƙi ya fi saurin isa, don haka suka riƙa neman irin su Shata da Ɗanmaraya Jos idan ana son a sanar da talakawa wani sabon abu. Har abin da ya faru a wajen ƙasar Hausa bai wuce shi ba, domin ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, wanda Amurkawa suka sauka da shi a kan wata a 1969.

Akwai kuma turken addini, inda ya yi waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda har yau ake sa ta a gidajen rediyo. A gefe guda kuma shi ne ya yi wa mashaya waƙa, wadda ta jawo masa suka mai tsanani daga malamai. Wanda ke son ya fahimci Shata dole ya riƙe waɗannan waƙoƙi biyu a tare. Ya yi waƙa ne ga al'ummar da ya gani da idonsa, mai masallaci da makarantar allo, mai kuma gidajen giya da na magajiya a sababbin unguwannin bariki.

6.0 Rediyo da Faifai da Kaset

Tsakiyar ƙarni na 20 lokaci ne da na'ura ta sauya matsayin mawaƙi a duniya baki ɗaya. A Amurka, makirufo ya ba irin su Bing Crosby da Frank Sinatra damar rera waƙa cikin tattausar murya, kamar suna yi wa mutum ɗaya raɗa, alhali miliyoyi na saurare. A Masar an yi Abdulhalim Hafiz, a Gana kuma E. T. Mensah. Muryar Shata ba irin tasu ba ce, domin a fili ta ginu, inda dole ta keta ƙarar kalangu da hayaniyar taro. Amma abin da ya ɗaukaka su shi ne ya ɗaukaka shi, wato rabuwar murya da mai ita. Kafin wannan zamani, sai wanda ya halarci wasa ne ke jin mawaƙi. Bayan zuwan faifan garmaho da rediyo, sai ga mutum ya haddace waƙar wanda bai taɓa gani ba.

An kafa hukumar watsa labarai ta Nijeriya a 1951, Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, sa'annan gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. Rediyon Kaduna, da yake yana watsa shirye-shirye a kan gajeren zango, ana kama shi har a wajen Nijeriya, kuma waƙoƙin Shata suna cikin abin da aka fi nema a shirye-shiryen zaɓe da gaishe-gaishe. Kamfanin EMI ya buga fayafayansa. Daga shekarun 1970 kuma kaset ya shigo, mai arha, mai sauƙin kwafa, wanda direba zai sa a mota, mai shayi ya sa a teburinsa. Ta fuskar kuɗi, kwafar kaset barkatai ba ta amfani mawaƙi kai tsaye ba. Amma tattalin arzikin Shata bai dogara da cinikin faifai ba, ya dogara ne da kyautar iyayen gida. Duk inda kaset ya kai sunan wanda aka yi wa waƙa, darajar shiga bakin Shata ƙaruwa take yi.

6.1 Misalin Zangon Lome

Don a ga nisan da wannan murya ta yi, yana da kyau a dubi Hausawan da ke zaune a wajen ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa, fataken goro ke bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, 'yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa wasu garuruwa, ciki har da Kete-Krachi, wadda ta faɗa ƙarƙashin mulkin Jamus. A can ne Alhaji Umaru, malamin nan kuma marubucin waƙoƙi haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Lome ta zama hedikwatar Togo ta Jamusawa a 1897, kuma zangonta ya bunƙasa da fataken goro da na shanu da masu saukar baƙi. Michel Agier, wani masani Bafaranshe, ya wallafa littafi a kan 'yan kasuwar wannan unguwa a 1983, bayan hukuma ta tashe ta daga tsakiyar birni a 1977 ta mayar da ita can arewacin gari.

A zango irin na Lome, kamar na Kumasi da Akara, Hausa ce harshen ciniki da na wa'azi da na hulɗa tsakanin ƙabilu daban-daban na Musulmi, ko da yake a kewaye ana jin Ewe da Mina, a makaranta da ofis kuma Faransanci. Yaron da aka haifa a irin wannan wuri yana iya girma bai taɓa taka Katsina ko Kano ba. Rediyo da kaset su ne suka riƙa kawo masa Hausar can gida, da karin maganarta da kirarinta da sunayen garuruwanta, kuma waƙoƙin Shata suna cikin manyan abubuwan da suka bi wannan hanya. Sauƙin harshensa da gajartar amshinsa sun taimaka ƙwarai. Ke nan tasirinsa bai tsaya ga nishaɗi ba, ya shafi yadda Hausawan zango da na gida suka ci gaba da jin cewa kunnensu ɗaya ne.

7.0 Siyasa da Karramawa da Rasuwa

Shata bai tsaya ga yi wa 'yan siyasa waƙa ba, shi ma ya taɓa shiga fagen. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, a tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. A Jamhuriya ta Biyu ya yi jam'iyyar GNPP, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku kuma ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Ƙaramar Hukumar Funtuwa. Idan aka tuna matsayin da al'ada ta ajiye maroƙi, zaɓen mawaƙi ya wakilci jama'a ba ƙaramin sauyi ba ne.

Haka nan a fagen ilimi. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya zama shugaban Jami'ar Bayero ta Kano, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka da kundi a kan matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani, inda ya ɗauki Shata a matsayin abin nazari. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga nan aka riƙa kiransa Dokta. Gwamnatin Tarayya ma ta ba shi lambar girma ta MON.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da rashin lafiya, har aka kai shi Jidda neman magani. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura a can. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa ɗaukakar Shata ta samu ne daga haɗuwar abubuwa uku. Na farko baiwarsa ta ƙirƙira nan take, a kan tsarin waƙa mai gajeren amshi. Na biyu bayyanar sababbin masu kuɗi da ba su da makaɗa na gado. Na uku kuwa rediyo da faifai da kaset, waɗanda suka kai muryarsa har zangunan bakin teku. Da ya rasa ɗaya daga cikin ukun, da wataƙila ya tsaya a matsayin gwanin dandalin Musawa. Ya buɗe hanyar da mawaƙi zai rayu ba tare da ya jingina da fada ɗaya ba, kuma mawaƙan Hausa na zamani, har da masu amfani da fiyano da situdiyo, a kan wannan hanya suke tafiya idan suna yi wa attajirai da 'yan siyasa waƙa.

Sai dai akwai aiki a gaba. Shi kansa Shata ya sha cewa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Da yawa an yi su a wuraren biki ba tare da an ɗauka ba, waɗanda aka ɗauka kuma suna warwatse a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo da hannun masu sha'awa. Waɗanda ke yawo a intanet da wayoyin hannu galibi ba su ɗauke da shekara ko wurin da aka yi su, ga shi kuma mutanen da suka san waɗanda aka ambata a ciki suna ta ƙarewa. Ɗalibin Hausa yana iya ba da gudummawa ta hanya mai sauƙi: ya zaɓi waƙa ɗaya, ya rubuta ta daidai da yadda aka furta ta ba tare da ya mayar da ita daidaitacciyar Hausa ba, ya nemi dattawan garin da ta shafa su bayyana masa mutane da wuraren da ke cikinta, sa'annan ya rubuta ranar da ya yi hirar da inda ya samo ɗaukar. Wanda ke Funtuwa yana iya yin wannan, haka ma wanda ke zangon Lome, inda tambayar za ta kasance wace waƙa ce ta iso, ta hannun wa, kuma a wace shekara.